Zinariyar da Ta Kori Zaiba

[Taken shiri, sannan ya lafa]

  

Yau zancen zinariya ne a bakina. Iyayenmu mata, kun fi kowa sanin darajarta, amma wadda zan ba ku labari ba a saka ta a lefe, ba a rataya ta a wuya. Ido ma ba ya ganinta. An barbaɗa ta ne a jikin gawayi baƙi ƙirin, wanda in kin tarar da shi a tsakar gida tsintsiya za ki ɗauko. Da wannan gawayin wani masanin haɗa sinadarai ɗan Birtaniya, Farfesa Graham Hutchings na Jami'ar Cardiff, ya yi fiye da shekara 30 yana fafutukar raba wata babbar masana'anta da guba. Gubar kuwa mun san ta, tana nan a ƙauyukanmu cikin 'yan kwalabe. Ita ce zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da nauyi wanda masu haƙar zinariya ke kira makuri.

Bari mu fara da sana'ar mutumin. Abin da ya ba shekarunsa shi ne abin da masana ke kira katalis. Duk lokacin da zan fahimtar da wani wannan kalma, mai dalilin aure nake kawo masa. Ga saurayi a wannan unguwa, ga budurwa a waccan, sun dace da juna, amma in an ƙyale su sai su shekara goma ba su haɗu ba. Mai dalili ya shiga tsakani, ya kai magana nan, ya kai can, a daidaita, a ɗaura aure. Shi ba ango ba, shi ba waliyyi ba, ranar tarewa ma ba ya cikin ɗakin. Gobe da safe ya kama hanyar haɗa wasu. To, haka katalis yake a tsakanin sinadarai. Suna sauka a jikinsa, ya sassauta ɗaurin da ke riƙe da kowannensu, su haɗu su zama sabon abu, su tashi su bar shi yadda suka same shi. Ba ya ƙulla auren da ba zai yiwu ba. Wanda zai yiwu ne yake gaggautawa, abin shekara ya koma na ƙiftawar ido.

Kun sha ganin aikinsa ba ku sani ba. Ruwan wankin ciwon nan da ake sayarwa a kemis, wanda muke ce wa haidirojin, sai ya yi watanni a kwalba shiru kamar ruwan randa. Ɗiga shi a kan rauni, nan take ya hau kumfa yana tsuwwa. Akwai wani katalis a cikin jininmu da ke farfasa shi ya koma ruwa da iskar oksijin, kuma ƙwayar katalis ɗin guda tana iya gamawa da miliyoyin ƙwayoyinsa a daƙiƙa ɗaya. Manomi kuma, buhun yuriya da ka sayo, asalinsa iskar nan ce da muke shaƙa. Baƙin ƙarfe ne mai dalilin da ya haɗa naitirojin na iska da iskar haidirojin, ta hanyar da Bajamushe Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913. Direba, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar motarka, wanda makanikai a Najeriya suka laƙaba wa indomi, shi ma katalis ne. Da filatinam da 'yan uwansa yake rage dafin hayaƙi kafin ya fito. Tsadar waɗannan ƙarafa ce ta sa 'yan gwangwan ke saye, ta kuma sa ake fasa salansa a kwashe. Duk motar da aka kwashe wa shi, mai tallan bakin titi da yaron da ke goye su ke shaƙar sakamakon. Masana na ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na abubuwan da masana'antun sinadarai ke sarrafawa sai da katalis.

Ƙarafa da yawa sun yi suna a wannan aiki: baƙin ƙarfe, tagulla, azurfa, filatinam. Zinariya ce kaɗai aka yanke wa ƙauna. Dalilin kuwa shi ne ainihin abin da ya sa muke son ta. Dubi haƙorin Makka na zinariya ta gaske. Shekara ashirin yana bakin hajiya, ga yawu, ga goro, ga yaji, ga lemun tsami, bai yi tsatsa ba, bai dushe ba. Zinariya ba ta kula kowa. Mai dalilin da ba ya gaisawa da mutane kuwa, auren wa zai haɗa? Har zuwa farkon shekarun 1980, abin da akasarin masana suka tafi a kai ke nan, abin da ake koya wa ɗalibai ke nan.

An haifi Graham Hutchings a 1951. A Landan ya yi karatun jami'a, ya gama digirin farko a 1972, ya sami na dakta a 1975, kuma a fannin sinadaran jikin halittu ya yi shi, nesa da harkar ƙarafa. Daga nan bai tsaya koyarwa ba, ya kama aiki da babban kamfanin sinadarai na Birtaniya a wancan zamani, wato ICI. A can ne aiki ya jefa shi cikin harkar katalis, ya koye ta a bakin injin. Ina son ɗalibai su riƙe wannan, domin da yawanku na ganin duk wanda bai sami aiki daidai da abin da ya karanta ba ya yi asarar shekaru. A 1981 ya koma Afirka ta Kudu, wurin kamfanin AECI, kuma a nan ya gamu da matsalar da ta bi shi har tsufa.

Matsalar ta roba ce, irin wadda ake kira PVC. Da ita ake yin bututun ruwan famfo, da rigar wayar lantarki, da silin, da ledar tsakar ɗaki, da jakar da ake ajiye jini a asibiti. Hanya biyu ake bi a same ta. Ƙasar da ke da man fetur da shi take yi. Afirka ta Kudu kuwa ba ta da mai, ga takunkumin da duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata, amma tana da kwal jibge a ƙasa. Sai a haɗa kwal da dutsen da ake yin siminti da shi, a gasa su a murhun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, a sami kabaid. Kun san kabaid. Ku je rumfar mai waldar gas ku ga dutsen nan ruwan toka mai wari da yake jefawa cikin tulun ƙarfe ya zuba ruwa. Iskar da ke tasowa ta ba shi harshen wuta mai narka ƙarfe, sunanta asitilin. Ita ce za a aura wa wata iska mai ɗan karen tsami, haidirojin kulorayid, a haifi sinadarin da ake ƙera PVC da shi. Mai dalilin wannan aure kuwa gishirin zaiba ne, an jiƙa gawayi da shi, an ɗura cikin dubban siraran bututai.

Yana aiki, ba a musa ba. Illarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Kun ga yadda kafur ke ƙanƙancewa a cikin akwatin tufafi har a wayi gari babu shi? Haka gishirin zaiba ke yi idan bututan suka ɗauki zafi. Ya sulale cikin iska, ya bi ruwan wanki, ya bi tsohon gawayin da ake zubarwa, kamfani ya sayo sabo ya ɗura. Aka ce wa Hutchings ya nemo abin da ya fi wannan.

Abin da ya yi a 1982 shi ne zuciyar labarinmu, kuma babu injin ko ɗaya a ciki. Karatu ya zauna yi. Ya ci karo da wata maƙala da wani masani ɗan Japan mai suna Shinoda ya buga a 1975. Shinoda ya gwada gishirin ƙarafa iri-iri a kan gawayi, ya auna ƙwazon kowanne a wannan aiki, ya jera alƙalumansa, amma ma'aunin da ya ɗora su a kai bai fitar da tsari guda mai gamsarwa ba. Hutchings ya kwashi alƙaluman nan, waɗanda suka shekara bakwai a fili kowa na iya gani, ya sake zana su a kan wani ma'aunin daban. 'Yan sakandare da ke ajin kimiyya, kun san jerin ƙarafan nan da ake sa ku haddacewa, daga potasiyam da sodiyam a sama, a gangaro kan baƙin ƙarfe da dalma da tagulla, har a dire kan zinariya a can ƙasa. Jerin yana nuna yadda kowane ƙarfe ke kwaɗayin karɓar lantarki. To, a kan wannan ya ɗora su. Sai ɗige-ɗigen da ke warwatse suka hau layi guda: duk ƙarfen da ya fi kusa da gindin jerin, shi ya fi ƙwazo. Zaiba na can kusa da gindi, shi ya sa take aiki. Wa ke ƙasa da ita? Zinariya, wadda ba a ko gwada ta ba.

Ya rubuta hasashensa, aka buga a mujallar masana katalis a 1985, da sunansa shi kaɗai. A lokacin ya riga ya bar kamfani ya koma koyarwa a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesbag. A can ne shi da abokin aikinsa Neil Coville da wani matashin mai bincike ɗan ƙasar, Bongani Nkosi, suka jiƙa gawayi da narkakkiyar zinariya, suka tura iskar, suka auna abin da ya fito. Sakamakon da suka buga a 1988 ya tabbatar da zanen takarda. Ƙarfen da aka ce malalaci ne ya fi zaiba ƙwazo.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, labarin Farfesa Graham Hutchings muke yi da katalis na zinariya.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai shekarar 1982 ɗin, a birnin Osaka na Japan, wani masani mai suna Masatake Haruta ya faɗa kan sirrin zinariya ta wata ƙofar, ba tare da sun san juna ba. Shi iskar kabon monoksayid yake yaƙi da ita, dafin nan marar launi marar wari da ke cikin hayaƙin janareta da garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, wanda ke kashe iyali guda cikin barci. Haruta ya gano cewa in aka farfasa zinariya ta yi ƙanana ƙwarai, aka zaunar da ita a kan tsatsar wasu ƙarafa, tana mayar da wannan dafi iska marar kisa ko da a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri. Filatinam ɗin salansa sai ya yi zafi sosai kafin ya fara. Ya buga wannan a 1987. Ya rasu a 2022, ana ambatonsa tare da Hutchings a matsayin waɗanda suka buɗe wannan fage.

Ƙanana ƙwarai da na ce, wane irin ƙanƙanta? Nan ne kalmar nano ta shigo. Ɗauki mita guda, ka raba ta gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kanka ya kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. Zinariyar Haruta ba ta kai nanomita 5 ba. A wannan girman hatta launinta canzawa yake yi, ta bar rawaya ta koma ja. Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwan zinariya a Landan tun wajen 1857, kwalabensa na nan har yau. Ku ma kun gan ta. Jan layin nan da ke fitowa a 'yar robar gwajin zazzaɓin cizon sauro, bayan an tsaga yatsa an ɗiga jini, a yawancinsu zinariyar nano ce ta taru ta ba da launin.

Me ya sa ƙanƙanta ke sauya hali? Ku tuna katalis a fatarsa yake aiki, domin a nan baƙi ke sauka. A cikin ɗan kunne, kusan duk ƙwayoyin zarra na zinariya a binne suke a ciki, kowace tana kewaye da maƙwabta 12, ba ta da hannun miƙa wa baƙo. Idan dunƙulen ya koma nanomita 2 ko 3, kusan rabin ƙwayoyin a waje suke, da yawa a kan kusurwa da baki-baki, maƙwabtansu kaɗan, hannuwansu a sake. Waɗannan su ke cafke iskar da ta zo wucewa. Uwar gida ta san wannan a aikace: dunƙulen kanwa sai ya daɗe a tukunya, dakakkiya kuwa nan da nan ta bi ruwa.

Yanzu sai ku zaci masana'antu sun yi rububin gawayin Hutchings. Ina! Shiru aka yi da shi kusan shekara 20. Duniya ta riga ta karkata ga hanyar man fetur, wadda ba ta bukatar zaiba, hanyar kabaid kuwa ana ganin ta kusa shiga tarihi. Ga tsadar zinariya. Ga shi kuma katalis ɗin na farko yana gajiya da wuri. Hutchings ya koma Ingila a 1987, Jami'ar Liverpool, ya yi shekara goma, sannan ya wuce Cardiff da ke yankin Wales a 1997. Ya yi ta wasu ayyukan, yana yaye ɗalibai, amma bai saki zinariya ba.

Ƙasar Sin ce ta dawo da maganar. Da ta shiga gine-gine ba ji ba gani daga wajen shekarar 2000, ta bukaci PVC fiye da kowace ƙasa, kuma ita ma kwal ne arzikinta. Aka kakkafa manyan masana'antun kabaid a yankunan Shinjiyan da Mongoliya ta Gida, har mafi yawan PVC ɗin ƙasar ya zama ta wannan hanya ake yin sa. Wannan sana'a guda ta riƙa laƙume ɗaruruwan tan na zaiba kowace shekara, ta zama ta biyu a duniya wajen cin zaiba. Ta ɗaya za mu zo kanta, domin ta shafe mu.

Duniya kuma ta riga ta ga abin da zaibar masana'anta ke yi. A garin Minamata na masunta, a kudancin Japan, kamfanin Chisso ya yi amfani da zaiba a matsayin katalis, shi ma a kan iskar asitilin, yana zubar da ruwan dattinsa a teku daga 1932 har 1968. Gubar ta taru a jikin kifi. Kyanwoyin gari aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. Sai mutane: hannu da ƙafa su mutu, magana ta karkace, gani ya ƙuntata, jarirai su zo duniya da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali uwayensu na ganin kansu lafiya. A 1956 aka fara kai rahoton cutar a hukumance, kuma waɗanda gwamnati ta amince sun kamu sun haura 2,000. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar rage zaiba ta duniya, wadda aka rattaba wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017. Najeriya da Nijar duk suna cikinta, haka ma Sin.

Tun kafin a kai ga sa hannu, daga wajen 2007, kamfanin Johnson Matthey na Birtaniya ya haɗa gwiwa da Hutchings da ɗalibansa. Aikin da ya rage ba mai daɗin labari ba ne, irin na gwada wannan a zubar a gwada wancan ne, amma shi ke raba abin ɗakin gwaji da abin kasuwa. Misali, a da sai da ruwan sarauta ake narka zinariyar, wato gaurayen asid biyu masu cin ƙarfe, wanda ba mai son ya wanke tan-tan na gawayi a cikinsa. Suka nemo hanyar ɗaure zinariyar da wani sinadari mai ƙibiritu, wanda ruwa zalla ke narkarwa, kuma ya riƙe ta kada ta dunƙule ta mutu. Suka rage yawanta har ta koma kamar giram ɗaya a cikin kilo guda na gawayi. In katalis ya tsufa kuma, a ƙone gawayin a kwashe zinariyar a sake sabo da ita, abin da ya mayar da tsadarta kamar jari, ba kamar kuɗin cefane ba. Aka yi ta gwaji a masana'antun Sin na tsawon dubban sa'o'i. A wajen 2015 kamfanin ya kafa wurin sarrafa wannan katalis a Shanghai. Daga zanen takarda na 1982, shekara 33 ke nan. Ba zan ce muku zaiba ta bar masana'antun Sin gaba ɗaya ba, har yanzu da sauranta, domin ta fi araha a sayen farko. Amma bakin mai cewa babu madadi ya mutu.

Akwai wani ƙarin da ke burge ni. Duk tsawon shekarun nan ana gardama kan wace siffa ce ta zinariyar ke yin aikin. In an ciro gawayin da ya yi aiki aka duba da madubin lantarki, sai a ga dunƙulallun nano, a ce su ne. A 2017 ɗalibarsa Grazia Malta da sauran abokan aiki suka kai katalis ɗin wata gagarumar na'urar haske da ke kusa da Oksfod, suka leƙa shi yana tsakiyar aiki, iska na ratsa shi da zafinsa. Sai ga shi ƙwayoyin zarra ne ɗai-ɗai, kowace zaune ita kaɗai a jikin gawayi, ke ƙulla auren. Dunƙulallun da ake gani gawar katalis ce. Ƙwayar zarra ɗaya ta zinariya ba ta kai sulusin nanomita ba. Ƙasa da haka babu sauran abin rabawa.

Lambobin yabo sun zo, ba sai na tsaya lissafi ba: zama ɗan Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya a 2009, lambar Davy a 2013, da sauransu. Abin da ya fi su amfani gare mu shi ne aikin da ya ci gaba da yi kan ruwan haidirojin ɗin nan na wankin ciwo. A yanzu manyan masana'antu ne ke yin sa, a yi jigilarsa mai ƙarfi da haɗari, a tsarma a inda za a yi amfani da shi. Ƙungiyarsa ta haɗa zinariya da faladiyam a dunƙulen nano guda, suna samar da shi kai tsaye daga iskar haidirojin da ta oksijin. A 2021 suka nuna cewa in an yi hakan a cikin gurɓataccen ruwa, ƙwayoyin cuta na mutuwa nan take, fiye da yadda kulorin ke kashe su. Burin shi ne 'yar na'urar da za ta tace ruwan ƙauye a bakin rijiya. Ba ta iso kasuwa ba tukuna, kuma wanda ya ji labarin shekara 33 ba zai yi mamakin jinkirin ba.

Ɗalibanmu na kemistiri a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Maraɗi, ba zan yaudare ku ba. Na'urar da ta leƙa ƙwayar zarra a 2017 ba mu da irinta, kuma laifin rashin kayan aiki a ɗakunan gwajinmu ba naku ba ne, na masu rabon kasafi ne. Amma matakin 1982 bai ci komai ba sai maƙalar wani, da takardar zane, da jerin ƙarafan da kuka haddace tun kuna aji huɗu. Yau maƙalu dubbai na cikin wayar da ke aljihunku, cike da alƙaluman da ba wanda ya sake juya su. Kuma fagen ba baƙo ba ne a nan. A Jami'ar Ahmadu Bello an daɗe ana binciken mayar da farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina ta zama ziyolayit, katalis ɗin da matatun mai ke fasa ɗanyen mai da shi, wanda har yau daga waje muke sayowa.

Na yi alkawarin dawowa kan sana'ar da ta fi kowace cin zaiba a duniya. Haƙar zinariya ce ta gargajiya, irin ta Anka da Maru da Bukkuyum, irin ta Komabangu a Nijar, irin wadda samarinmu ke tafiya yi Gana da Sudan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska daga nan take fitowa. Can ana sa zinariya don a kori zaiba, nan muna zuba zaiba don mu kamo zinariya.

Wanda ya taɓa zuwa wurin wanki ya san yadda abin yake. A niƙa dutse a inji, a wanke garin a kwano har baƙin yashi mai nauyi ya kwanta, a ɗiga makuri, a murza da tafin hannu tsirara. Zaibar ta tsince zinariyar ta haɗiye. A juye a ƙyalle a matse, a sami ɗan curi fari mai laushi kamar ƙwayar gujiya. A ɗora shi a cokali ko bakin shebur, a kai kan garwashi, mutum ya sunkuya yana hurawa, yara sun kewaye shi suna jiran su ga rawaya ta bayyana. Kusan rabin nauyin curin nan zaiba ce, kuma duk ta tashi. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, mafi yawan abin da aka shaƙa kuwa a jiki yake zama. Ba ranar take nuna kanta ba. Bayan watanni ko shekaru sai hannu ya fara rawa, mantuwa ta yi yawa, dasashi ya kumbura, mutum ya zama mai saurin fushi, ƙoda ta gaza, a ce sammu ne ko iska. Wadda ta zube a rafi kuma, ƙwayoyin halittar cikin laka su mayar da ita irin ta Minamata, ta shiga kifi.

Kada a haɗa ta da gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Waccan daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a gida ta fito. Wannan mu ke sayo ta da kuɗinmu. Guba biyu ne a sana'a ɗaya.

'Yan uwana masu wannan nema, na san ba don sha'awa kuke shiga rami ba, kuma ba na zo in ce ku bar abincinku ba ne. Roƙona kaɗan ne. Kada a ƙona curi a cikin ɗaki, ko a madafa, ko a shagon mai saye da ƙofa a rufe, domin bango da tufafi na riƙe tururin su yi ta sakinsa. A fita bayan gari, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Mai ciki da mai goyo da yara su yi nisa. Cokali ko kwanon da ya taɓa makuri kada ya koma wurin abinci har abada. Akwai kuma 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da lanƙwasasshen bututu, ana ce mata ritot, wadda mai walda zai iya haɗawa da guntayen bututu. A cikinta ake ƙona curin a rufe, tururin ya bi bututu ya huce, ya ɗiga cikin kofin ruwa ya koma zaiba. Mafi yawanta za ta dawo hannunka ka sake aiki da ita, ka rage kuɗin saye. Sai dai a bar tukunyar ta huce sarai kafin a buɗe, kuma a buɗe ta a fili. Shugabannin ƙungiyoyin masu haƙa da masu unguwanni, ku nemi jami'an lafiya da na ma'adinai na yankinku su nuna wa mutanenku yadda ake haɗa ta. Wanda kuma ya ga hannunsa ya fara rawa in ya ɗauki kofin shayi, ya je asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa da bakinsa.

Nan za mu dakata.  

[Taken shiri]